Kada bututun ya kwana ba wanki

Dattawa masu tara tsofaffin bindigogin nan masu cin harsashi ɗaya, irin su Martini-Henry ta 1871 da Springfield Trapdoor ta 1873, ga 'yar shawara. In an harba da baƙin albarushi, a wanke bututun ran nan. Tokar da yake bari tana jawo laima, kafin a ankara tsatsa ta ci cikinsa. Ruwan zafi da ɗan sabulu sun isa, a busar sarai, sannan a shafa mai.

Af, kuma ba kowane harsashin .45-70 (wato girman harsashin da Trapdoor ke ci) ne take jurewa ba. Wasu don bindigogin zamani aka yi su, sun fi ƙarfinta. A karanta kwalin tukuna. Bindigar da aka sayo kwanan nan kuwa, maƙerin bindiga ya fara duba ta.