Kurakuran da ke ƙona wa sabon shiga Arduino da ESP32, da yadda ake gyara su

Arduino da ESP32 ƙananan allunan lantarki ne da ake rubuta wa umarni, wato kod, don su sarrafa na'urori ta ƙafafunsu, wato wuraren jona waya. Yawancin allunan Arduino da ke mutuwa a hannun sababbin shiga wuta ce ke kashe su: an ba su fiye da kima, ko an ja daga jikinsu abin da ba za su iya bayarwa ba, ko an juya waya. A Garwa, Marwa ko Ngaundare wannan ba ƙaramar asara ba ce, domin ba kowane kaya ake samu a kasuwa ba. Wani sai an aiko daga Duwala ko Yawunde, wani sai an ba da sautu Najeriya, aiki ya tsaya makonni saboda ƙafa ɗaya da ta ƙone.

Saboda haka kafin ka sayi sensa, wato abin da ke auna zafi, nisa ko makamancinsu, ko allo na biyu, sayi mitar awon wuta. Ko mai arha ce ta isa. Amma ita ma tana da tarkonta. Idan ka auna yawan wutar da abu ke ja, jan tsinken yana komawa ramin da aka rubuta 10A. In ka manta shi a can ka ɗora a kan batir don duba ƙarfinsa, ka haɗe bakin batirin biyu ke nan ta cikin mitar: tartsatsi, fiyus ya tsinke, wani lokacin har tsinken ya narke. Da ka gama awo, mayar da shi ramin V nan take.

Batirin sola da zafin bazara

An rubuta cewa Arduino Uno yana karɓar 7 zuwa 12V ta ƙafar VIN, sai mutum ya jona shi kai tsaye da batirin solar gida. Abu biyu ne aka tsallake. Batirin da ake kira na 12V yana kai wa 14.4V da rana yayin da yake caji. Sannan ƙaramin abin da ke rage wuta zuwa 5V a jikin allon ba ajiye rarar yake yi ba, zafi yake mayar da ita.

Ga lissafin. Uno shi kaɗai yana jan kusan 50mA. Ƙara masa allon rubutu na LCD da rile biyu, wato makunnin da allo ke kunnawa da kansa, kowane rile yana jan kusan 70mA, ka wuce 200mA. Cire 5 daga 14.4, saura 9.4, ninka da 0.2, ka sami kusan wat 2 na zafi a kan abin da bai kai farcen ɗan yatsa ba. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Marwa da Garwa ke haura digiri 40, kuma an rufe allon a cikin akwatin roba ƙarƙashin kwano, sai ya dinga mutuwa yana tashi da tsakar rana, da daddare kuma ya yi aiki lafiya. Mai shi ya yi ta canja kod a banza.

Gyaran shi ne ɗan allon rage wuta na LM2596, wanda ba ya ɓarnar wuta haka. Sai dai a nan ma ana ƙona kaya, domin sabo yakan zo yana fitar da kusan duk abin da aka ba shi. Jona shi da batir shi kaɗai, ɗora mita a bakin fitarsa, ka yi ta juya ɗan sukurun da ke kan shuɗin akwatin. Sai an juya sau da yawa kafin lambar ta fara sauka, kada ka ɗauka ya lalace. Tsayar da shi a 7.5V ka shigar ta VIN, zafin ya koma rabin wat. Rile da mota, wato injin lantarki mai juyawa, kuwa a ba su nasu mai rage wutar daban, a 5V. Sa fiyus na amfiya 1 ko 2 kusa da bakin batirin, don batirin sola yana iya mayar da siririyar waya jawur cikin daƙiƙoƙi.

Ƙaramin batirin nan mai kusurwa huɗu na 9V bai dace da aikin da ke da mota ko rile ba, ba ya jimawa kuma ƙarfinsa yana zubewa da an ɗora masa kaya.

Ƙafar allo ba ta ɗaukar kaya

Kowace ƙafa ta ATmega328P, wato ƙwaƙwalwar Uno da Nano, an yi ta ne don 20mA, iyakarta ta ƙarshe 40mA. Fitilar LED ba tare da rezista ba, wato abin da ke taƙaita wutar da ke wucewa, tana wuce wannan. Ja tana cin kusan 2V, saura 3V. Da rezista mai om 220 za ta ja kusan 14mA, haske ya isa kuma ƙafa ta tsira. Launin zobensa ja, ja, ruwan ƙasa. Ana yawan rikita shi da na 2.2k, mai ja, ja, ja, fitila ta yi dishi-dishi. In kana shakka, auna da mita. Doguwar ƙafar LED ita ce ta wuta, gajerar ta GND, wato ɓangaren sifili da wuta ke komawa.

Mota, famfo da rilen da ba ya kan allonsa ba a jona su da ƙafa kai tsaye ko sau ɗaya. A bi ta transista, wato ƙaramin makunni mai ƙafa uku, irin 2N2222, da rezista 1k tsakanin ƙafar allo da ƙafarta ta tsakiya. A gitta diyod 1N4007, mai barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, a kan naɗin wayar rilen ko motar, zoben diyod ɗin yana kallon ɓangaren wuta. Dalili shi ne duk naɗin waya, idan aka yanke masa wuta farat ɗaya, yana mayar da bugu mai ƙarfi da baya, kuma wannan bugun ne ke fasa transista ko ya sa allon ya sake tashi.

Ƙaramar sabo (servo) ta SG90, wato motar da ke juyawa zuwa kusurwar da aka umarce ta, tana yaudarar mutane, don wayoyinta uku kamar na sensa. Idan ta ci karo da nauyi tana iya jan sama da 500mA, wato duk abin da ramin USB na kwamfuta ke bayarwa. Alamar ita ce sabo ta yi rawa, fitilar allo ta ƙifta, komai ya koma farko. A ba ta 5V daban, a sa kafasita 470uF, mai tara wuta na ɗan lokaci, kusa da ita. Kafasitar tana da gaba da baya, farin layin jikinta shi ne na GND. In aka juya ta sai ta kumbura ta fashe.

Da zarar an raba wuta biyu, sai kuskure na gaba ya bayyana: an manta haɗa GND ɗinsu. Allo yana aika umarni, amma ɗaya ɓangaren ba shi da ma'aunin da zai gane 5V ne ko sifili. Waya ɗaya tsakanin GND da GND ta warware shi. Haka kuma dogayen allunan gwaji, masu ramukan cusa waya ba tare da liƙi ba, da yawa layin wutarsu na gefe a yanke yake a tsakiya. Duba jan layi da shuɗin: in sun katse, sai ka gitta waya, in ba haka ba rabin allon ba shi da wuta.

ESP32 ba Uno ba ne

Mutane suna komawa ESP32 ko ESP8266 saboda suna hawa intanet, sai su kawo ɗabi'ar Uno. Waɗannan 3.3V suke aiki da shi. Sensar awon nisa HC-SR04, wadda ake ɗorawa saman tanki don sanin yawan ruwa, tana fitar da 5V ta ƙafar Echo. A rage shi: rezista 1k daga Echo zuwa ƙafar ESP, 2k daga wannan mahaɗa zuwa GND, ya zama 3.3V. Haka ake yi in ana son Uno ya karanta ƙarfin batirin sola: 33k a sama, 10k a ƙasa, sai 14.4V ya sauko kusan 3.3V kafin ya shiga ƙafar awo ta A0.

Ba kowace ƙafar ESP32 ce ake taɓawa ba. Daga 6 zuwa 11 na ma'ajiyarsa ne, daga 34 zuwa 39 shigarwa kawai suke yi, kuma ƙafafun awo na rukunin ADC2 suna daina karatu muddin Wi-Fi na kunne. Sensa mai buƙatar awo ta hau 32 zuwa 35. In kuma allon yana sake tashi daidai lokacin da zai kama Wi-Fi, wutar ce ba ta isa ba, sau da yawa saboda siririyar wayar caji mai tsawo. Canja gajera mai kauri.

Abin aika saƙon waya na SIM800L ya fi kowa wahalar da mutane. Yana son tsakanin 3.4 da 4.4V, 5V na kashe shi, kuma yana fizgar har amfiya 2 a ɗan lokacin da yake neman layi. Batirin lithiyam na 18650 guda ɗaya mai kyau da kafasita 1000uF a jikin ƙafafunsa su ne maganinsa.

Batun 18650 kuwa, wanda aka rubuta wa 9900mAh ƙarya ce tsagwaronta; na gaske mafi girma bai kai ko rabin haka ba, nauyinsa kusan giram 45. Na bogi za ka ji shi shafal a hannu. Waɗanda ake cirowa daga tsohon batirin kwamfuta sun fi su, in an auna an zubar da duk wanda ya faɗi ƙasa da 2.5V. A yi caji da allon TP4056 mai kariya, wanda ke da bakin fitar wuta OUT daban da na batir B, ya tsaya a 4.2V. Kada a bar lithiyam a rana ko cikin mota a rufe.

Kod ya ƙi hawa

Allunan da suka fi yawa a hannun mutane kwafi ne masu ɗauke da CH340, wato abin da ke haɗa allon da kwamfuta ta USB, kuma suna aiki sarai, direbansa, wato manhajar gane shi, kawai za ka sa wa kwamfuta. In har yanzu ba ta gan shi ba, zargi wayar USB: da yawa na caji ne kawai, babu wayoyin saƙo a ciki. Nano na kwafi yakan buƙaci ka zaɓi "Old Bootloader" a wajen zaɓen ƙwaƙwalwa. Cire duk abin da ke kan ƙafa 0 da 1 kafin lodi, domin ta nan kod ke shiga. Rubutu ya fito a hargitse a tagar Serial? Kod ya ce 9600, taga tana kan 115200, ko akasin haka. LCD mai wayoyi huɗu ya kawo haske ba rubutu? Juya sukurun bayansa tukuna, sannan gwada adireshi 0x27 da 0x3F.

A cikin kod ɗin kansa, abu uku ne ke maimaituwa. Maɓallin da aka bari ƙafarsa a sake yana karanta abin da ya ga dama, har kusantar hannu na canja shi. Rubuta INPUT_PULLUP, jona maɓallin da GND, ka tuna danna shi LOW yake bayarwa, kuma ka yi watsi da duk canjin da ya zo cikin milisakan 50. Na biyu delay(), wato umarnin jira: muddin yana ƙirga, allon ba ya ganin komai, tanki na iya cika yana zuba. Koyi millis(), mai ƙirga lokaci ba tare da tsayar da allon ba, da wuri, ka ajiye shi a unsigned long. Na uku, int, wato ma'ajiyar lamba, a Uno yana tsayawa a 32767, ya wuce nan sai ya juye ya zama lamba ta ƙasa da sifili.

Hunturu, ƙura da liƙi

Sensar zafi da danshi ta DHT11 ba ta dace da yankinmu ba. Awonta na zafi ya tsaya a digiri 50, na danshin iska kuma bai sauka ƙasa da kashi 20 ba, alhali a hunturu iskar arewa tana bushewa fiye da haka. DHT22 ta fi. Bushewar nan ce kuma ke tara tartsatsi a jiki, irin wanda ke cizon hannu in ka taɓa ƙofar mota, kuma yana kashe transista irin MOSFET ba tare da alama ba. Taɓa ƙarfen da ke haɗe da ƙasa kafin ka ɗauki kaya, ka riƙe allo ta gefensa. Sensar danshin ƙasa mai tsinke biyu tsirara tana cinyewa da tsatsa a lambu in wuta na kanta kullum. Sayi mai rufin fenti, ko ka kunna ta ta ƙafar allo lokacin awo kawai.

Allon gwaji na gwaji ne. Ƙura tana shiga ramukansa, wayoyi su saki. Aikin da zai zauna a liƙa shi da dalma, ƙarfen liƙi a wajen digiri 330. Kuskuren da aka saba shi ne narkar da dalma a bakin ƙarfe a ɗiga ta a kan ƙafa. Zafafa ƙafar da zoben tagullar tare na daƙiƙa biyu, sannan ka kawo dalmar gare su. Liƙi mai kyau yana sheƙi, ya hau ƙafar a tsuke. Wanda ya dunƙule ya yi toka-toka bai kama ba. Kada a yi amfani da ruwan liƙin masu gyaran ladiyeta, asid ne, yana cin tagulla. Wanke hannu bayan taɓa dalma, kuma a yi aikin inda iska ke wucewa.

Duk wanda zai kunna famfon 220V da rile, kada ya zama aikinsa na farko, kuma kada wannan wuta ta hau allon gwaji ko kusa. Shuɗin rilen da aka rubuta wa 10A ba na mota ba ne: famfo yana fizgar ninkin wutarsa sau da yawa lokacin tashi, bakin rilen ya narke ya manne, famfo ya ƙi tsayawa. Rile ya kunna kontakta, wato babban makunni mai jure wuta da yawa, kontakta ta kunna famfo, mai aikin wuta ya yi wannan haɗin a akwati rufaffe. Yawancin allunan rile LOW ne ke kunna su, don haka a setup() rubuta wa ƙafar HIGH kafin pinMode(), ka kuma sa jinkirin minti biyu ko uku kafin famfo ya tashi bayan an dawo da wuta.