Yadda nake koya wa yarana canza giya a tirela

Ranar farko da ubangidana ya ba ni sitiyari, giyabos ya yi ta ƙara a hannuna har ya ce in tsaya. Ya kama yatsuna biyu ya ɗora a kan sandar giya, ya ce iyakar ƙarfin da take bukata ke nan. In ta ƙi shiga, gudun injin da gudun mota ne ba su haɗu ba, kuma damtse ba zai haɗa su ba. Da wannan maganar nake fara wa duk yaron da ya zauna kusa da ni.

Da farko ka san irin giyabos ɗin da ke ƙarƙashinka. Irin ZF mai giya 16, wanda ake samu a MAN da DAF, yana da zoben da ke daidaita gudun haƙora da kansa, taka kulochi sau ɗaya ya wadatar. Eaton Fuller kuwa, na tireloli manya, ba shi da wannan zoben a manyan giyoyinsa, kai ne za ka daidaita da ƙafa da kunne. A kansa zan daɗe, don shi ke ba sabon hannu wahala.

Ɗauki mai giya 10. Gurbi biyar ne na gaba, sai ribas. Giya 1 zuwa 5 suna zangon ƙasa, 6 zuwa 10 a zangon sama. A gaban kan sandar akwai ɗan maɓalli, in ka ɗaga shi giya 6 tana gurbin 1, giya 7 tana gurbin 2, haka har 10. Tun kana cikin giya 5 za ka ɗaga shi, kafin ka motsa sandar, domin zangon yana juyawa ne lokacin da sandar ta ratsa firi, wato tsakiya inda ba ta cikin kowace giya. Iska ce ke yin wannan aikin, shi ya sa ba na motsa mota da safe sai agogon iska ya cika. Mai giya 13 da mai 18 suna da wani maɓalli a gefe, wajen babban yatsa, mai raba giya gida biyu: a mai 13 giyoyi huɗu na sama kaɗai yake rabawa, a mai 18 kuwa duka giyoyi tara.

In za ka ƙara giya, bari allurar juyin injin ta kai wajen 1,500 a minti. Ɗaga ƙafa daga totur, taka kulochi rabi, jawo sandar zuwa firi, saki kulochi. Ka ɗan dakata allurar ta sauko wajen 1,100, ka sake taka rabi, ka tura. In lokacin ya yi daidai za ka ji kamar giyar ce ta ja sandar da kanta. Rage giya ya fi wuya. Allura na wajen 1,100, ka fito firi, ka saki kulochi, ka taɓa totur ta hau 1,500, sannan ka taka ka saka. Kowane injin da inda ya fi jin daɗi, amma tazarar 400 ɗin nan ce a mai giya 10. Rabin giya kuwa wajen 200 ne.

Na ce a taka kulochi rabi, kuma da gaske nake. A ƙarshen kulochin irin wannan mota akwai ɗan birki mai tsayar da shaf ɗin da ke shiga giyabos. Amfaninsa ɗaya ne: mota na tsaye cak, kana son saka giyar tashi ko ribas. Ka danna kulochi har ƙasa mota na gudu, giya ba za ta shiga ba, birkin kuma ya ƙone.

In giya ta kuɓuce maka kana firi, kada ka yi ta gurza haƙora. Dubi gudun mota, ka zaɓi giyar da ta dace da shi, ka kai injin wurin da totur. Saboda irin wannan ranar nake sa yaro ya haddace gudun kowace giya a motar da muke ciki.

A hawa da lodi gudu yana faɗuwa da sauri, don haka rage giya da wuri, wani lokaci ma biyu a tare. Gangara ce ba na yi wa kowa sassauci a kanta. Tun kana sama ka saka giyar da za ta riƙe motar, ka kunna birkin injin. Kada ka sake ta a firi wai tsimin mai. Nauyin duka zai koma kan birki, ya yi zafi ya daina kamawa, injin na juyi a hankali ba ya mayar da iskar da kake kashewa, kuma in gudu ya wuce abin da injin zai iya kaiwa, giyar da kake nema ba za ta ƙara shiga ba.

Za ka ga tsofaffin direbobi suna canzawa ba tare da taɓa kulochi ba. Ba na barin yaro ya gwada sai kunnensa ya nuna, kuma a giyabos mai zobe ba a yin haka sam, don zoben yake cinyewa.