Yadda za ka saurari sarewar Yahudawan Gabashin Turai har ta shige ka

Klezmer kiɗan Yahudawan Gabashin Turai ne, mutanen Polan, Yukren, Romaniya da Lituwaniya masu jin harshen Yidish. Sunan daga Ibrananci yake, ma'anarsa kayan waƙa. Yau kilarinet, wani abin busa na Turawa, ce ta mamaye fagen, amma tun kafin ta yi tashe akwai sarewar katako, tana tafiya da gogen Turawa da tsimbil, wani faifan katako mai tsirkiyoyi da ake bugawa da 'yan sanduna biyu.

Da farko, nemi kiɗan da babu taron kayan busa a ciki. A YouTube rubuta klezmer tare da sunan Adrianne Greenbaum, Ba'amurkiyar da ta farfaɗo da busa tsohuwar sarewar katako. Sa abin sauraro a kunne, don lasifikar waya tana cinye rabin daɗin.

Na biyu, fara da salon kiɗan da ake kira doina. Ita ba ta da bugun da za ka taka. Mai busa yana ja yana saki yadda ransa ya so, tsimbil na riƙe masa murya guda a ƙasa. Daga makiyayan Romaniya aka aro ta, shi ya sa wanda ya taɓa jin sarewar Bafulatani da yamma ba zai ji ta baƙuwa sosai ba. Kada ka kaɗa kai tukuna. Bi numfashin mutumin kawai, inda ya ja iska da inda ta ƙare masa.

Na uku, kuma nan ne gishirin: kasa kunne ga krekhts. Wata 'yar shessheƙa ce da ake yankewa tsakanin sauti biyu, kamar muryar mai addu'a ta sarƙe a maƙogwaro. Daga salon masu jan addu'a a majami'a makaɗan suka ɗauko ta. A kilarinet tana fita da ƙarfi, har da ɗan ba'a; a sarewar katako kuwa a ɓoye take, cikin hucin iska, sai ka maimaita wurin sau biyu ko uku kafin ka cafke ta. Ni dai ta sarewar na fi so. Haka kuma za ka ji wani hawa mai faɗin taki da suke kira freygish, ɗan'uwan maƙamin Hijaz, wani salon rera murya na masu karatun Alƙur'ani a ƙasashen Larabawa. Kunnenka ya riga ya san shi.

Na huɗu, tuna cewa kiɗan biki ne. Kafin ɗaurin aure akan zaunar da amarya, sanƙiran bikin da suke kira badkhen ya yi ta tuna mata rabuwa da gida har ta fashe da kuka, makaɗa na amsa masa. Bayan hawaye sai rawa. Saboda haka ake yawan jin doina ta zarce cikin kiɗan rawar hora mai tafiya kamar ɗingishi, sannan na freylekhs mai sauri. A nan ka saki jiki, ka yi tafi.

Idan ka ji mai busa na haki a ƙarshen freylekhs, ka yi masa uzuri. Gusikow, wani shahararren makaɗin klezmer da aka haifa a 1806, da sarewa ya fara kamar mahaifinsa. Ciwon huhu ya raba shi da ita, ya koma buga 'yan katakai a kan dammunan ciyawa, har Mendelssohn, shahararren mai tsara kiɗa na Jamus, ya ji shi ya yaba.