Yadda Ake Zaɓen Injin Yankan Zane Don Sana'ar Gida a Garwa, Marwa Ko Injamena

Injin yankan zane ƙaramar na'ura ce mai kama da firinta, sai dai wuƙa take ɗauke da ita a maimakon tawada, tana bin zanen da aka shirya a kwamfuta ko waya tana yanka shi a kan takarda, sitika, ko ledar da ake mannawa a riga, wadda masu buga riguna ke kira fileks. Mata da yawa masu haɗa turaren wuta da humra, da matasa masu rubuta suna a bayan rigunan ƙwallo, suna sha'awar mallakarsa, amma kuɗinsa ba ƙanana ba ne, kuma injin da ya dace da mai zama a Turai ba lallai ne ya dace da mai zama a Garwa ba.

Mataki na farko shi ne mutum ya tsayar da aikin da zai riƙa yi. Idan sitikar kwalba ce, ko katin gayyatar biki, ko zanen lalle da ake mannawa a hannu, ƙaramin inji irin Cricut Joy, wanda faɗin yankansa bai wuce santimita 11 da ɗoriya ba, zai iya wadatarwa. Rigunan anko da na makaranta kuwa suna bukatar mai faɗin santimita 30, kamar Silhouette Cameo ko Cricut Explore. Telan da ke son yanka yadi sai ya dubi Cricut Maker, wanda ya fito a 2017 da wuƙa mai juyawa da aka yi domin yadi. Mai shirin rubuta allunan shaguna ya wuce waɗannan, babban inji mai faɗin santimita 60 yake nema.

Mataki na biyu, wanda a ganina ya fi duk sauran nauyi a yankinmu, shi ne binciken manhajar da ke sarrafa injin. Cricut yana aiki ne da manhajarsa mai suna Design Space, wadda sai an buɗe asusu, kuma tana neman intanet wajen shiga da wajen ɗora sabon zane, ko da yake ana iya ajiye aiki a kwamfuta a yanka daga baya. Silhouette Studio kuwa, manhajar injunan Silhouette, da zarar an sauke ta a kwamfuta, tana aiki ba tare da intanet ba, illa dai buɗe zanen da ke cikin tsarin SVG, wani nau'in fayil ɗin zane, sai an sayi babban bugunta. Injin Brother ScanNCut ya bi wata hanya dabam: yana da allonsa da na'urar ɗaukar hoto a jikinsa, ta yadda mai fasahar zane da hannu zai zana fure a takarda, injin ya ɗauka ya yanka ba tare da kwamfuta ba. Wanda ke unguwar da layin waya ke yawan yankewa, ko wanda kuɗin data ke yi masa nauyi, ya auna wannan da kyau, domin ranar da amarya ke jiran rigunan ƙawayenta ba ranar jiran sabis ba ce.

Akwai kuma batun rubutu. Kafin a biya kuɗi, a nemi mai sayarwa ya buga kalma mai ɗauke da ɓ, ɗ da ƙ, sannan ya buga suna da Larabci, musamman ga masu aiki a Chadi inda Larabci harshen hukuma ne tare da Faransanci. Wasu manhajojin suna wargaza haruffan Larabci su ƙi haɗa su. Maganin hakan shi ne a shirya rubutun a manhajar zane ta Inkscape, wadda kyauta ce, a mayar da shi zane, sannan a tura wa injin.

Mataki na uku shi ne wuta. Kamaru da Chadi suna amfani da bolt 220, Amurka kuma, inda Cricut da Silhouette suka fito, tana kan 120. A karanta abin da aka rubuta a jikin caja. Idan an ga 100 zuwa 240, sai dai a nemi kan soket mai ƙafa biyu zagayayyu. Injin kansa ba ya shan wuta sosai, ƙaramin sola yana ɗaukarsa, kuma yana da kyau a haɗa shi da batirin da ke riƙe wuta, saboda ɗaukewar wuta a tsakiyar yanka tana ɓata leda. Na'urar danna riga da zafi ita ce mai cin wuta, tunda yawancin fileks yana kamawa ne a wajen digiri 150, don haka a yi lissafinta dabam.

Mataki na huɗu shi ne tambayar inda za a riƙa samun kayan da ke ƙarewa. Wuƙa tana dakushewa, tabarmar yanka mai danƙo kuma tana daina kama takarda, kuma ƙurar hunturu tana gaggauta mutuwarta, shi ya sa ake mayar mata da murfinta na leda bayan kowane aiki. Zafin watan Maris da Afrilu, lokacin da Marwa da Injamena ke haura digiri 40, yana lalata gam ɗin sitika idan an bar ta kusa da rufin kwano ko taga. A tambayi 'yan kasuwar da ke sauke kaya daga Duwala ko Kano irin wuƙa da tabarmar da suka saba kawowa, a zaɓi injin da kayansa ke zuwa, a kuma sayi wuƙa da tabarma na ajiya tun ranar farko.

Daga nan sai lissafin kuɗi gaba ɗaya a sefa: farashin inji, kuɗin dako, kuɗin duwan, leda, da na'urar dannawa. Idan na hannu za a saya, kada a karɓa sai an ga ya yanka ƙananan haruffa da cikakken da'ira a gaban mai saye. Idan bakin da'irar bai haɗu ba, ko wuƙar tana jan leda tana yagawa ko bayan an sa sabuwa, a bar shi. A kuma tabbatar cajarsa ta asali tana tare da shi, kuma ya haɗu da wayar ko kwamfutar da za a yi aiki da ita kafin a miƙa kuɗi.