Yadda za ka sauke injin 22R na tsohuwar Hilux ka sake haɗa shi a gida

Ɗan'uwa in Hilux ɗinka ta fara shan baƙin mai tana fitar da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, ga shi ta daina jan kaya a hawa, kar ka yi saurin zuwa neman injin Beljiyam wanda ba ka san wahalar da ya sha ba. 22R injin ne mai sauƙin kai, fistin huɗu, lita 2.4, a tsakar gida na haɗa nawa ƙarƙashin rumfa da cen bulok na aro.

Kafin ka kwance komai ɗauki hoto da waya, kowace wayar wuta da kowane tiyo. Ka nemi gwangwanaye ka ware notina, murfin konrod da na men metal kuma ka sa musu lamba 1, 2, 3 don kowanne inda ya fito nan zai koma, ba a musanya su.

Wajen cire top, wato kan injin da ke rufe silinda, akwai wani ɗan bol da ke ɓoye a gaba ƙarƙashin giyar kamshaf, baƙin mai yana kwanciya a kansa ya rufe shi. Ni da na kwance manyan bol goma na top ɗin na yi ta ɗaga top ya ƙi, saura kaɗan in sa ƙarfe in ɓanɓare, sai da na tsane man da tsumma na ga kansa. Wallahi da na matsa da murfin tayimin ya tsage.

Toh yanzu awo, kuma nan ne ba a yi da ido. Bulok da kirankishaf da top ka ɗora su ka kai wa masu borin, su auna. Asalin faɗin silinda milimita 92 ne, in ya ci za su ƙara buɗe shi da milimita 0.50 misali, sai bayan sun faɗa maka lamba sannan ka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa ko Panteka ka sayi fistin da ringi da metal daidai da ita. Ka tafi da tsofaffin a hannu, don injin kafin 1985 da na bayanta kayansu sun bambanta, har tsawon cen ba ɗaya ba ne.

Maganar cen ɗin nan ita ce ta fi damuna. Gaid ɗin da ke riƙe tayimin cen, wato sarƙar da ke juya kamshaf, na roba ne a injin 1983 zuwa sama, in ya karye cen ya dinga kaɗawa yana cin murfi a hankali har ya huda hanyar ruwa, ka wayi gari ka ga mai ya koma kamar koko ka ɗauka gasket ne ya ƙone alhali ba shi ba ne. Sa sabon cen da tenshina, gaid kuma nemi mai bayan ƙarfe ko da ya fi tsada, ka duba cikin murfin da yatsa ko akwai zurfin da cen ya ci.

Ranar haɗawa ka yayyafa ruwa a ƙasa, kar ka yi aikin ranar da ake ƙura. Wanke hanyoyin mai da kananzir, ka shafa mai a kowane metal, bakin ringi ka rarraba su kar su hau layi ɗaya, alamar kan fistin ta kalli gaba. Duk murfin da ka ɗaure ka juya kirankishaf da hannu, in ya cije tsaya nan ka nemo dalili. Bol ɗin top da sifanar tok, mai auna ƙarfin ɗauri, ake ɗaure shi, daga tsakiya zuwa waje, sau uku kana ƙarawa har 78 Nm. Ka cika oyil fam da basilin don ya ja mai tun bugun farko.

Ƙarin ƙarfi kuwa, kafireta Weber 32/36 tana zama da adafta kuma motar tana sakewa sosai, sai lagireto mai layi uku saboda zafin Afrilu. Don Allah kar ka bari a cire maka tamostat.

In ya tashi ya yi zafi ka saita bawul, tazarar milimita 0.20 na shiga, 0.30 na fita. Kar ka loda mata buhuna tukuna, ka yi ta yawo da ita a hankali kana sauya gudu, wajen kilomita 800 ka zubar da man nan ka canza filta ka sake duba bawul ɗin.