Yadda Ake Ɗaura Gejin Matsi a Tankin Zuƙe Iska Ba Tare da Haɗari Ba

Iskar da ke kewaye da mu tana da matsin da ya kai miliba 1013, wato Torr 760, kuma da zarar an zuƙe iskar cikin tanki, ta waje tana danna kowane murabba'in santimita na jikinsa da nauyin kusan kilo guda. Geji kuwa kafa ce da aka buɗe a jikin wannan tanki, saboda haka ɗaura shi yana bukatar natsuwa fiye da yadda girmansa ke nunawa.

Kafin a taɓa sifana, a tabbatar gejin ya dace da aikin. Gejin Pirani, wanda Marcello Pirani ya ƙirƙiro a 1906, yana auna matsi ne ta yadda iska ke ɗauke zafi daga wata siririyar waya, kuma yana aiki har zuwa wajen miliba 0.001. Ƙasa da haka sai gejin Penning ko na Bayard-Alpert. Idan gas mai kamawa da wuta zai ratsa tankin, kada a sa gejin da ke da waya mai zafi sai wanda aka ƙera domin hakan.

Daga nan a kashe gejojin da ke aiki, a zare wayoyinsu daga lantarki, a rufe bawul ɗin da ke tsakanin tanki da famfo, a jira famfon tabo, wato mai fanka da ke juyawa da matuƙar gudu, ya tsaya cak. Sannan a mayar da iska cikin tankin sannu a hankali, busasshen nitirojin ya fi, domin damshi yana manne wa bangon ciki ya tsawaita lokacin zuƙa.

A nan ne babban haɗarin yake, kuma shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. An saita yawancin gejojin Pirani ne da nitirojin ko iskar gari, saboda haka idan aka cika tanki da gas ɗin agon, gejin zai nuna adadi ƙasa ƙwarai da ainihin matsin da ke ciki. Mai aiki yana kallon allo, yana ganin da sauran tafiya, yana ƙara buɗe tukunyar gas, alhali tankin ya riga ya wuce matsin waje. An ƙera tankin ne ya jure dannawa daga waje, ba turi daga ciki ba, don haka tagar gilashi ko gejin gilashi na iya tarwatsewa a fuskar mutum. Ni dai ba na yarda a haɗa tukunyar gas da tanki sai akwai bawul mai sakin matsi da kansa, kuma sai mai aikin ya sa tabarau na kariya.

Wurin ɗaurawa shi ma abin lura ne. Idan aka sa geji dab da bakin famfo, zai nuna matsi ƙasa da na cikin tanki, idan kuma yana kusa da mashigar gas, zai nuna sama da shi. A ɗaura shi bakinsa na kallon ƙasa ko gefe, don kada ƙura ko mai su zuba ciki, sai dai in takardar kamfanin ta ƙayyade wani tsari.

A sa safar hannu mai tsabta, domin maiƙon yatsa guda ya isa ya yi ta fitar da tururi a cikin tanki. A goge fuskokin haɗin da ƙyalle marar gashi da aka jiƙa da alkohol na isofurofil. Idan haɗin KF ne, wato mai zoben roba da maƙala, a duba zoben robar da kyau a cikin haske, domin silin gashi ɗaya da ya gitta a kansa zai sa iska ta yi ta shiga, sannan a zaunar da shi daidai, a ɗaure maƙalar da hannu. Idan haɗin CF ne, wato mai notoci da bakin ƙarfe mai kaifi, a sa sabon gaskit na jan ƙarfe, domin wanda aka taɓa matsewa ba ya sake riƙewa. A ɗaure notocin kaɗan-kaɗan, ana tsallakawa daga wannan zuwa wanda ke fuskantarsa ta ɗaya ɓangaren, har bakin ƙarfen ya nutse cikin gaskit ɗin bai ɗaya.

Kafin a mayar da wuta, a haɗa jikin gejin da na tankin da wayar ƙasa. Zoben roba ba ya wuce da lantarki, gejin Penning kuma yana aiki da volt wajen 3,000, kuma gas ɗin cikin tanki na iya kai wannan lantarki ga duk ƙarfen da ba a haɗa da wayar ƙasa ba. Gejin Penning yana kuma da maganaɗisu mai ƙarfi, don haka mai na'urar daidaita bugun zuciya ya nisance shi.

Sai a tayar da famfo, a bi matsin da gejin Pirani. Kada a kunna Bayard-Alpert sai matsin ya sauka ƙasa da miliba 0.001, in ba haka ba wayarsa tana iya ƙonewa. Idan matsin ya ƙi sauka, a ɗiga alkohol kaɗan a kan sabon haɗin ana kallon allo: adadin ya motsa, yoyon yana wurin. Kada a ƙara matse zoben roba da ƙarfi, a tsayar da famfo, a mayar da iska, a kwance haɗin a sake duba shi.