Yadda Za Ka Zauna Lafiya da Kowa a Sansanin Jambori na 'Yan Sikawut

Duk bayan shekara huɗu 'yan sikawut na duniya kan haɗu a fili guda, a kafa tantuna, a yi kwana goma ko fiye ana ci ana sha tare. Wannan taro shi ake kira Jambori. An fara shi a 1920 a zauren Olympia na birnin Landan, da yara kusan 8,000 daga ƙasashe 34. A 2023, da aka yi shi a Saemangeum ta Koriya ta Kudu, mahalarta sun haura 40,000 daga ƙasashe sama da 150, kuma an tsara na 2027 a Gdansk ta ƙasar Folan. Da yake 'yan shekara 14 zuwa 17 ake ɗauka, sau ɗaya tak damar ke zuwa wa yaro a rayuwarsa. Asara ce a ɓata ta kan rashin sanin ya kamata. Ga yadda za ka bi da lamarin, tun daga gida har ranar naɗe tanti.

Mataki na farko: shirya tun kafin tafiya

Ka koyi kalmomi uku ko huɗu na harshen masu masaukin baƙi: sannu, na gode, yi haƙuri. Ko ka karya lafazin, za su ji daɗi. Idan akwai abincin da ba ka ci saboda addini ko lafiya, ka rubuta shi a takardar rajista tun da wuri, domin da ita ake tsara rabon kayan girki. Wanda ya bari sai ya isa sansani sannan ya fara ƙorafi, ya makara.

Mataki na biyu: gaisuwa

Nan mutane da yawa ke fara tuntuɓe. 'Yan sikawut suna musabaha da hannun hagu ne, al'adar da ta samo asali tun zamanin Baden-Powell, wanda ya assasa ƙungiyar a 1907. A sassa da dama na duniya miƙa hagu raini ne, amma a sansani alamar 'yan'uwantaka ce. Don haka in an miƙo maka hagu kada ka ɓata fuska, ka miƙa naka.

Sai dai ba kowa ne ke musabaha ba. Ɗan Japan zai ɗan rusuna, ɗan Tailan zai haɗa tafukan hannunsa a ƙirji, 'yar Faransa ko Ajantina kuwa tana iya kawo kunci don sumba. Akwai kuma 'yan mata da samarin da addininsu bai yarda su taɓa hannun wanda ba jinsinsu ba. Dabarar ita ce ka ɗan dakata na daƙiƙa ɗaya, ka ga abin da mutum zai yi, sannan ka bi shi. In kai ne ba ka son a taɓa ka, ɗora hannu a ƙirji, yi murmushi, ka faɗi dalili a taƙaice. Ba sai ka ja da baya kamar wanda ya ga maciji ba.

Hattara da alamun hannu ma. Zoben da ake yi da babban yatsa da manuni don a ce komai lafiya, zagi ne a Birazil. A Bulgeriya kuma gyaɗa kai sama da ƙasa na iya nufin a'a.

Mataki na uku: shiga harabar wasu

Kowace tawaga, wadda galibi matasa 36 ne da jagorori 4, tana da harabarta da aka kewaye da igiya, da ƙofar da suka haɗa da sanduna suka rataya tutarsu. Wannan igiyar katanga ce, ko da ba ta kai gwiwa ba. Kada ka tsallaka ta don yanke hanya. Je ka ƙofa, ka tsaya, ka yi gaisuwa, ka jira a ce ka shigo. In ka ga takalma jere a bakin tanti ko rumfa, kamar yadda za ka gani wurin 'yan Koriya da Japan, cire naka ba tare da an ce maka ba. Tantin kwana kuwa ba wurin ziyara ba ne, balle na 'yan mata in kai namiji ne, ko akasin haka.

Mataki na huɗu: abinci da ibada

Akwai ranar da ake warewa don baje kolin al'adu, kowace tawaga ta dafa abincinta ta gayyaci maƙwabta. Za a miƙo maka abin da ba ka taɓa gani ba. Tambayi abin da ke ciki kafin ka kai baki, ba bayan ka haɗiye ba. In ya halatta gare ka, ɗanɗana ko da loma guda. In bai halatta ba, ka ce ka gode, ba ka ci ne saboda kaza. Yamutsa fuska da toshe hanci shi ne abin da ba a yafewa, domin wanda ya dafa yana tsaye yana kallonka, wataƙila tun asuba yake gaban murhu.

Haka in kai ne mai gayyata. Musulmi da Bayahude ba sa cin naman alade, mabiya addinin Hindu da yawa ba sa cin na shanu, wasu kuma ba sa cin nama sam. Ware cokali da tukunya daban ba wahala ba ce.

Ana tanadar wuri na musamman don addinai, inda za ka tarar da tantin salla kusa da na coci da na mabiya Buddha. Shiga ka gani, ka yi tambaya, an kafa shi ne don haka. Amma tambayar mai son sani daban take da ta mai neman kā da abokin magana, kuma mutane na gane bambancin tun daga muryarka. Siyasar ƙasashe ma ka bar ta a gida. Yaron da ke gabanka ba shi ne gwamnatin ƙasarsu ba.

Mataki na biyar: musayar bajo da ƙyallen wuya

Da yamma za ka ga yara sun shimfiɗa barguna a gefen hanya, sun jera bajoji kala-kala, ana ciniki da yatsa saboda babu harshen da ya haɗa su. Kada ka ɗauki bajon kowa sai ya nuna maka ka ɗauka. Ba a sa kuɗi a ciki, kuma ƙa'ida ita ce yaro da yaro, babba da babba. In wani ya ƙi ba da ƙyallen wuyansa, kada ka matsa masa, mai yiwuwa shi kaɗai gare shi. In an daidaita, a sha hannu, magana ta ƙare. Ni dai ina ganin wanda ya koma gida da bajo biyar da sunayen masu su a ransa ya fi wanda ya cika jaka da ɗari bai san daga hannun wa suka fito ba.

Hoto ma haka: nemi izini kafin ka ɗauka, sannan ka sake nema kafin ka sa a Instagram.

Mataki na shida: kayan kowa da kowa

Banɗaki, famfo da wurin cajin waya na mutum dubbai ne. Bi layi, ka gama da wuri, ka bar wurin yadda za ka so ka same shi. Raba shara yadda masu masauki suka tsara. In lokacin yin shiru ya yi da dare, ajiye ganga da waƙa, domin tanti ba ya tare sauti. Kada ka yi yawo kai kaɗai, ka riƙa tafiya da aboki, ku kuma riƙa tuna wa juna shan ruwa. A Koriya a 2023 zafi ya kwantar da ɗaruruwan mahalarta tun a kwanakin farko.

In kuskure ya faru

Zai faru, komai taka-tsantsan ɗinka. Ka ba da haƙuri nan take, ban da dogon bayani na kare kai. In kai aka yi wa, fara ɗauka cewa rashin sani ne, ka yi wa mutumin bayani a hankali. Amma in abin ya wuce nan, ya zama tsangwama, ko wariyar launin fata, ko taɓa jikin da ba ka yarda ba, wannan ba bambancin al'ada ba ne. Kai maganar wurin jagoranka a ranar. Manyan da ke aiki a sansanin sai da aka horar da su kan kare yara daga cutarwa kafin a ba su izinin shiga.

Ranar tashi, bayan an naɗe tantuna, ku jeru kafaɗa da kafaɗa ku taka harabarku daga wannan gefe zuwa wancan, kuna tsince turaku, guntayen igiya da ledoji. Sannan ku leƙa wurin maƙwabta ku yi sallama kafin motarku ta iso.